Ranar da Sai-an-gwada Ya Fita da Keken Mutum Biyu

Duk wanda ya taɓa kai kekensa rumfar da ke kusurwar layin masu kayan gini ya san ba a karɓar keke ranar da aka gama gyaransa. Ko a gabanka aka ɗaure noti na ƙarshe, ko da idonka ka ga taya tana juyawa sumul, mai gyaran zai goge hannu da tsumma, ya girgiza kai ya ce, "Sai an gwada." Tun ana jin haushi har aka saba, tun ana faɗa a bayan idonsa har aka koma kiransa da shi a gabansa. Yau in ka shiga unguwar ka tambayi sunansa na yanka sai dai a yi ta kallon juna, amma Sai-an-gwada kowa ya san shi.

Dogo ne siriri, shekararsa sittin da uku, ƙafar wandonsa ta dama kullum a ɗaure da roba don kada sarƙa ta kama. Rumfar tasa ba wata babba ba ce: benci ɗaya, bahon ruwa na neman huji a tib, famfo, gwangwanin madara cike da boris, 'yan ƙwallayen ƙarfen nan da ƙafar keke ke juyawa a kansu, da sifanoni rataye a ƙusoshi, kowace da zanen siffarta a jikin katako don a san wadda ta yi ƙafa.

Abin da ya ja masa sunan tsohon labari ne. A hannun kawunsa ya koyi gyara, shekara bakwai yana miƙa sifana kafin ya kafa tasa rumfar. A watansa na farko wani mai sayar da ƙwai ya kawo keke birki ya saki. Ya canza roba, ya ja waya, ya matsa ya ji ta kama, ya ce wa mutumin ya tafi abinsa. Ba a yi awa guda ba sai ga mai ƙwai ya dawo a ƙafa yana jan keken, tun daga hula har takalmi ya yi rawaya sharkaf, ɓawo maƙale a gemu. Birkin da ya kama a tsaye ya ƙi kamawa a gangara da kaya. Mutumin bai zage shi ba, bai ko ɗaga murya ba. Jingine keken kawai ya yi, ya tsaya yana ɗiga a ƙofar rumfa. Da zagin ya yi da ya fi sauƙi. Tun daga ranar babu keken da ya fita daga hannunsa bai hau shi da kansa ba.

Gwajin nasa kuma ba zagaya layi ba ne a dawo. Kowace cuta da hanyarta. In birki ya gyara, sai ya bi ta bayan gidan bulo, inda hanya ke gangarawa ba sassauci har tsohuwar gadar rafi. In taya ce ko faci, sai ya bi gefen layin dogo, tsakuwa da ƙaya, har wasu itatuwan mangwaro da ke bayan gari. In kuwa sarƙa ce ko giya, to tudun tankin ruwa zai hau, hawan da ke sa samari sauka su tura. A can ƙoli yakan kifa keken a kan sirdi, ya juya feda da hannu, ya kasa kunne yana sauraron sarƙa. Ya san inda inuwa take a kowace hanya da kowane lokaci, ya san gidan da karensu ke bin keke da wanda haushi kawai ya iya.

Telan da ke maƙwabtaka da rumfarsa, wani kakkauran mutum mai yawan tsokana, bai taɓa yarda da zancen ba.

"Gwaji dai, gwaji dai! Kai dai ka ce ka sami hanyar shan iska da kekunan mutane."

"Ranar da aka kawo maka wando ya yage a gwiwa, ai da ka sa ka durƙusa ka gani," in ji Sai-an-gwada. "Amma ina wandon da zai shige ka?"

Gaskiyar magana tela bai yi ƙarya duka ba. Mutumin yana son hanyoyin nan kamar ransa. Amma rabin daɗin ba a kan hanya yake ba, a gida yake, lokacin da zai zauna a bakin ƙofar ɗakin girki yana ba matarsa labari.

Sufeto yake kiranta, don kafin ya buɗe baki ta gama bincike. Ta dubi ƙafar wando ta ga jar laka, ta ce, "Birki." Ta ga ƙarangiya a safa, ta ce, "Faci." Ta ga tsatsa a kafaɗar riga, ta ce, "Yau sarƙar wa ta sha wuya?" Gajera ce mai ƙarfin jiki, mai saƙa kayan jarirai, allurai ba sa barin hannunta sai in za ta ci abinci. Akwai kuma wani abu nata da ya kasa ganewa: duk ranar da ya hau tudun tanki, yana sa ƙafa a gida zai tarar an sauke shayi yanzu-yanzu, da zafinsa, alhali sauran ranaku sai ya zauna jira. Ya ɗauka sa'a ce kawai, bai taɓa tambaya ba.

Daga wani gari na bakin babban kogi aka kawo ta, shekara talatin da takwas da suka wuce. Watanninta na farko ba ta da walwala. Ba ta kuka a gabansa, amma yakan same ta tsaye tana kallon bango kamar akwai taga a wurin. Da ya matsa mata da tambaya ta ce ruwa take kewa, ita ba ta taɓa kwana inda ba a jin motsin kogi ba. Ranar daga gwajin birki ya dawo, sai bakinsa ya riga hankalinsa.

"Ai mu ma muna da kogi."

"Da gaske? Yaya girmansa?"

Ya dubi idanun nan da suka yi haske karon farko tun zuwanta, ya tuna ɗan rafin da ya baro, sai ya ware hannuwa iyakar tsawonsu ya ce in mutum ya tsaya a wannan gaɓa da kyar yake gane wanda ke waccan. Ta yi dariya har da tafi. Daga nan fa aka ɗora. Balbelun gada suka zama ɗari. Itatuwan mangwaro suka zama dajin da rana ba ta taɓa ƙasa a cikinsa. Daga tudun tanki kuwa, in ji shi, garuruwa uku ake hangowa, kowanne da fitilunsa da hasumiyarsa, har da wani tafki can ƙarshen duniya mai sheƙi kamar faranti. Yara shida suka taso a kan labaran nan, suka girma, suka gano gaskiya da ƙafafunsu, suka rufa wa babansu asiri.

Ita ce dai ba ta taɓa zuwa ba. Da goyo, da ciki, da jinyar mahaifiyarsa da ta yi shekara tara a kwance, da saƙar da ba ta ƙarewa, kullum sai wata rana. Da yaran suka watse ta fara cewa ya kai ta, shi kuma ya fara samun dalili: yau rana ta yi zafi, gobe hadari ya haɗo, jibi aiki ya yi yawa. Mutumin da ba ya tsoron gangara ko kare, abin da yake tsoro a duniya shi ne ranar da Sufeto za ta tsaya a kan gadar nan ta ga abin da ya yi shekara talatin da takwas yana kira kogi. Gani yake daga ranar ta daina sauraronsa da wannan fuskar, zaman bakin ɗakin girki kuma ya mutu. Tudun tanki ma ya fi ba shi tsoro, don akwai abin da yake kallo a can, ba garuruwa ba ne, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Ana nan sai mai kemis na bakin titi ya turo wani abu rumfar wanda ya tara mutane. Keke ne dogo, sirdi biyu, feda huɗu, sarƙa kamar ba za ta ƙare ba. A wurin 'yan gwanjo ya tsince shi, don likita ya ce shi da matarsa su riƙa motsa jiki.

"Baba, ka ga abin da na jajibo. Zai tashi kuwa?"

Sai-an-gwada ya zagaya shi sau uku yana shafa shi cike da murna. Babu abin da ke da lafiya a jikin keken. Kwana goma ya yi a kansa: ya sa birki sabo gaba da baya, ya yi faci huɗu, ya jiƙa sarƙa a kananzir ya bi ta gaɓa-gaɓa da tsohon buroshin haƙori, ya goge ƙarafan ƙafafun har mutum na ganin fuskarsa. Ranar da mai kemis ya zo ɗauka, ya goge hannu da tsumma kamar kullum.

"Sai an gwada."

"To, Baba, kai da wa?"

Keken mutum biyu ba ya gwaduwa da mutum ɗaya, birkin da ya tsayar da nauyin ɗaya ba lallai ya tsayar da na biyu ba, shi kuwa ya fi kowa sanin haka. Aka lallaɓa tela ya hau sirdin baya. Ba su kai ƙarshen layi ba tela ya fara salati da ƙarfi, yana taka feda baya-baya, ya ƙanƙame wuyan Sai-an-gwada har ya kusa shaƙe shi. Garin sauka wandonsa ya dare tun daga sama har ƙasa, ya koma shago da tafiyar kaguwa yana riƙe da shi, 'yan layi na ta kwasar dariya.

Da yamma ya ba Sufeto labarin yana dariya har da hawaye. Ita ma ta yi dariyar, sannan ta soke alluranta a dunƙulen zare ta ajiye a gefe.

"Ni zan hau."

Dariyarsa ta tsaya cak. "Ke? Ina ke ina keke?"

"Keken yayana na koya tun kafin ka san ana juya sifana. Kuma ba kai ke riƙe da kan ba? Nawa taka feda ne kawai. Me da me ka gyara a jikinsa?"

"Birki ne... da taya."

"Da?"

"Da sarƙa."

"Hanya uku ke nan. Duka za mu bi, Malam. Asabar."

Kwana biyu ya yi yana saƙa da warwara. Har ya yanke shawarar ya miƙa wa mai kemis kekensa ya ce an gwada, wa zai sani? Ya kama keken zai tura ke nan sai mai ƙwai ya faɗo masa a rai, tsaye yana ɗiga, ya kuma tuna matar mai kemis ce za ta zauna a sirdin baya. Ya mayar da keken ya jingine. Ƙaryar kogi ya iya, ta birki ce bai iya ba.

Asabar da sassafe Sufeto ta fito sanye da wandon motsa jiki na autarsu a ƙarƙashin doguwar riga, ta ɗaure mayafi tamau a ƙugu, filas ɗin shayi da burodi a jaka. Tela ya fito ƙofar shago don kada a ba shi labari.

"Uwargida, ki riƙe shi da kyau, ni da kyar na sha!"

"Kai dai je ka ɗinke wandonka," ta ce, ta haye.

Tashin farko keken ya yi tangal-tangal kamar zai zubar da su a kwata. Ya ce ta fara da ƙafar dama, ta ce damar wa, tasa ko tata, ya ce ai duk ɗaya ne, ta ce ba ta yarda ba. Kafin su wuce gidan bulo ƙafafunsu sun daidaita, sai ya ji wani abu da bai taɓa ji ba a rayuwarsa ta hawan keke: ana tura shi daga baya. Matar nan ashe ƙarfi ne da ita kamar injin niƙa.

Da suka kama gangara iska ta cika mata riga, ta saki wata irin ƙara da ya ɗauka tsoro ne, ya fara matsa birki.

"Kada ka kama! Sake shi, Malam, sake shi!"

"Birki muke gwadawa!"

"A ƙasa ka gwada!"

Ya sake shi. Suka sulalo, bishiyoyi na wucewa fuu, tsohuwa mai jikoki goma sha ɗaya tana ihu tana dariya a bayansa. Dab da gada ya matsa, keken ya tsaya cif, ko gezau. A wata rana da ya yi alfahari da wannan birki. Yau kam ya sauka ya durƙusa yana taɓa robar da ba abin da ya same ta, don kada ya ɗaga kai.

Rafin yana nan yadda yake, ɗan siriri, wanda akuya mai zuciya za ta tsallake. Balbelu na tsaye a gefe. Sufeto ta dafa ƙarfen gada ta daɗe tana kallo.

"Ɗaya, biyu, uku, huɗu," ta ƙirga. "Malam, ina sauran casa'in da shidan?"

"Sun tafi kiwo."

"Allah sarki. In sun dawo ka gaishe su."

Ta gangara ta cire takalmi ta tsoma ƙafafu a ruwan, ta lumshe ido. Can ta kira shi ya zo ya gani. A ƙarƙashin gadar, jere reras, sheƙunan laka ne na wasu ƙananan tsuntsaye, sun fi talatin, iyaye na shiga da fita, 'ya'ya na miƙo baki. Shekara talatin da takwas yana tsayawa a kan gadar nan bai taɓa leƙa ƙarƙashinta ba. Ta ce dama mai ƙirga balbela ɗari ina zai sami lokaci.

Hanyar layin dogo ta girgiza su har haƙora na haɗuwa. Tana bayansa tana ba shi rahoton duk abin da suka wuce, kamar shi ne baƙon: ga wata ta shanya barkono a kan rufi, ga kabewa ta haye katangar makaranta, ga wani gida an yi masa fenti kalar da ba ta dace da mutunci ba. Jirgin kaya ya zo wucewa, ta saki hannu ɗaya tana ɗaga masa, direban ya danna mata oda har sau biyu, ta yi ta murna kamar an ba ta kyautar jirgin.

Itatuwan mangwaro tara ne. Ta ƙirga su da yatsa, a hankali, don mugunta.

"An sare wasu," ya ce.

"Har da kututturen aka tafi, ko?"

Ta shimfiɗa mayafi a inuwa, ta zuba shayi, ta gutsura masa burodi. Ya karɓa ya kasa ci. Ya matsa tayoyi, faci huɗu duk sun riƙe, babu sauran abin da zai ɓuya a bayansa.

"Sufeto, kogin nan..."

"Malam, ni 'yar bakin kogi ce. Wandon da ya je gaɓar babban ruwa ba ya dawowa da laka iya idon sawu. Tun wankin farko na sani."

"To me ya sa ba ki taɓa cewa komai ba?"

"In ce me? Mutum ya ga ina kewar ruwa ya haƙa mini kogi da bakinsa, sai in ce ya mayar? Sha shayinka yana hucewa."

Ya sha, har ya ci burodin ya nemi ƙari. Amma da ya ɗaga kai ya hango tankin ruwa can a kan tudu, sai ya ajiye burodin. Ya ce rana ta yi, ko su bar sarƙa sai wani lokaci. Ta riga ta naɗe mayafinta.

Hawan ya ci ƙarfinsu. Tun daga rabi suka fara zargin juna.

"Kina takawa kuwa?"

"Ni ke ɗauke da kai tun daga kwanar can!"

Sarƙa ta yi ta ƙiƙi-ƙiƙi amma ba ta zame ba, ba su kuma sauka sun tura ba. Suka iso ƙoli suna haki, gumi ya jiƙa su jagab, ta zube a kan ciyawa tana dariyar da babu numfashi a cikinta.

Da ta huta ta miƙe ta juya gabas, ta juya yamma, ta kare ido da tafin hannu. Tanki ne mai tsatsa, da shingen waya da ya faɗi, da awaki biyu. A ƙasa kuwa garinsu ne kawai: rufin kwano, tashar mota, hayaƙin masu gasa burodi. Babu hasumiya, babu tafki.

"Kogi ka ƙara masa faɗi, daji ka ƙara masa itace," ta ce. "Amma nan ko gari ɗaya babu da za a ƙara wa biyu. Kuma nan ka fi daɗewa. Me kake kallo?"

Sufeto kuwa ba a banza ta ci sunanta ba. Ta dubi ƙasa ta ga wani faffaɗan dutse a gindin ƙafar tanki, ya yi sulɓi saboda zama, ga tsatsar ƙarfen daidai inda kafaɗar mutum za ta jingina. Ta je ta zauna, ta jingina, ta kalli inda dutsen ke kallo. Ta ga koren rufin makaranta. Ta ga layin masu kayan gini. Ta matsa ido kaɗan, sai ga wata 'yar tsakar gida da bishiyar gwaiba a kusurwa, da igiyar shanya an ja ta daga gwaibar zuwa ɗakin girki, yau babu komai a kanta.

"Malam. Waccan ba gwaibarmu ba ce?"

Ya tsuguna kusa da keken, ya kafa wa sarƙa ido, da ita ya yi maganar.

"Ranar farko don sarƙa na hau. Na zauna hutawa sai na hango wata tana kokawa da zanin gado, iska na naɗe ta a ciki. Na yi ta dariya ni kaɗai, sai daga baya na gane gidana ne." Ya ja numfashi. "Daga nan na ga babban yaronmu ya fara tafiya, kina ja da baya kina miƙa masa hannu. Daga nan nake ganin kina fito da tsohuwa rana, a goye, kina taje mata kai, ba wanda ya sa ki, ba wanda ke kallo. In na dawo kika ce me na gani, sai bakina ya yi nauyi. Namiji ya ce ya hau tudu ya kalli matarsa? Sai na ce garuruwa uku."

Akuya ɗaya ta matso tana shinshinar jakar burodi ba wanda ya kore ta. Sufeto ta sa bakin mayafi ta goge ido, ta sake gogewa, sannan ta yi gyaran murya.

"Kwanon ɗakin girkin nan ya yi tsatsa. Tun bara nake faɗa maka, ashe ma kana ganinsa daga sama."

"Zan canza."

"Kifa keken."

"Na'am?"

"Kifa shi yadda ka saba, ka juya."

Suka kama tare suka kifa shi, ya juya feda. Ƙafar baya ta ɗauki gudu, ƙarfen da ya sha guga ya kama rana, ya shiga walƙiya wal-wal-wal.

"Ka ga wannan? Daga bakin igiyar shanya ake ganinsa, kamar ana wasa da madubi a gindin tanki. In ya ɗauke na san ka kusa tasowa, sai in ɗora ruwa. Kai da ka ɗauka shayin nan aljanu ke dafa maka?"

Ya saki baki yana kallonta, feda ta kuɓuce daga hannunsa.

"Na san kana nan, ban dai san kana ganina ba," ta ce. "Ni ma wankin ba kullum yake kai a yi shanya ba, wani lokaci busasshe nake fitarwa in sake ratayawa. Da ka faɗa mini ai da na riƙa ɗaura ɗankwalin kirki, ba wannan koɗaɗɗen da ka yi shekaru kana kallo ba."

Dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke fitowa tare da hawaye, ya zauna daɓas a ƙasa. Ta matsa ta ba shi rabin dutsen. Bai ishe su ba, amma suka zauna a haka, kafaɗa na gugar kafaɗa, suna kallon igiyar da babu kowa a gindinta, har ƙafar keken ta gaji ta tsaya don kanta.

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka shigo layi, tana danna ƙararrawar da ta sa ya mayar mata hannun baya. Tela na ƙofar shago, mai kemis na zaune a benci yana jira.

"Uwargida, an dawo lafiya? To yau dai a faɗa mana gaskiya, yaya kogin nasa?"

"Da kyar ake hango gaɓa," ta ce tana sauka. "Balbela ɗari, ni na ƙirga da kaina."

Mai kemis ya taso yana murmushi, ya dafa sirdi.

"Baba, an gwada ke nan? In tafi da shi?"

Sai-an-gwada ya ɗauki tsumma ya goge hannu. Birki ya kama, faci ya riƙe, sarƙa ta hau tudu da mutum biyu, a iya saninsa babu keken da ya taɓa cin gwaji irin wannan. Ya buɗe baki zai ce a ɗauka, sai Sufeto ta karɓe tsumman daga hannunsa, ta goge nata hannun, ta girgiza kai.

"Ɗana, akwai wata 'yar ƙara da nake ji ta wajen sirdin baya. Shi ba ya jin ta daga gaba. Ka dawo Asabar ta sama, sai an sake gwadawa."